Fai ɗin kabewa da fekan: abin da za ki saya da abin da za ki bari a kanti

Shekarata ta farko a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok na yi abin da baƙuwa kan yi. Washegarin bikin Halowin da ake ƙawata gidaje da kabewa, 1 ga Nuwamba, na ga an jibge manya-manyan kabewa a ƙofar wani kanti an karya farashi, kowace ta kai tulu. Na ce yau banza ta faɗi. Na rungumo ɗaya har hawa na huɗu ina haki, da niyyar in yi wa yara fai ɗin kabewar da suka ishe ni da zancensa tun da suka ɗanɗana a makaranta, ragowar kuma in kaɗa miyar taushe. Da na fasa ta sai ga rami, ga zare-zare, ga ruwa. Fai ya ƙi kamewa, miya ta fito salam. Ashe irin wannan don a fafe ta a yanka mata ido da baki a sa kyandir ake noma ta. Ko kyauta aka ba ki, ki bar wa yara su yi wasa.

A nan Amurka Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar bikin Godiya, kuma daga nan har ƙarshen Disamba da wuya ki shiga gidan da babu wannan fai a kan tebur. Mu a gidanmu ranar hutu ce kawai: maigida ba ya aiki, yara ba makaranta, 'yan'uwa sukan taru a ci shinkafa da talotalo. Fai ɗin kuwa ya samu gindin zama, har da Sallah nake yin sa yanzu. Ƙasansa ɓawon fulawa ne, cikinsa kabewa da ƙwai da madara da kayan ƙamshi, ni kuma ina barbaɗa masa fekan, wata ƙwayar bishiya mai maiƙo, a sama.

Kabewar da nake saya ita ce ta gwangwani, kuma na san yadda wannan magana za ta faɗa a kunnen wadda ta tashi a gidan da ko tumatirin gwangwani ana yi masa kallon lalaci. Ni ma haka na taso. Amma ki saurara. Mafi yawan kabewar gwangwani ta ƙasar nan daga garin Morton na jihar Ilinoi take fitowa, inda kamfanin Libby's yake da masana'anta, kuma irin da suke shukawa sunansa Dickinson. Doguwa ce, bayanta ruwan ƙasa-ƙasa, ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma namanta kauri gare shi, ja-wur, babu zare. An dafa ta, an niƙe, an rage mata ruwa daidai yadda ƙwai biyu za su iya riƙe ta. Wannan kaurin shi ne duk sirrin, kuma wanda kika buɗe bana daidai yake da na bara. Ƙaramin gwangwani gram 425 ne, fai ɗaya ke nan cif. Babban gram 822, fai biyu. Awon ma yana jikin takardar: sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, kirfa cokalin shayi ɗaya, citta rabi, gishiri rabi, kanumfari kwata, ƙwai biyu, da gwangwanin madarar ruwa ɗaya. A gasa minti 15 a zafin 220 na ma'aunin Salsiyos, a rage zuwa 175 na minti 40 zuwa 50. Tandar nan da ma'aunin Farenhait take aiki, don haka 425 da 350 za ki murɗa. Ni nakan rage sukarin zuwa rabin kofi saboda fekan ɗin sama yana zuwa da nasa zaƙin. In ƙanshin gwangwani yana damun ki, juye kabewar a tukunya da kayan ƙamshin ki juya minti biyar a ƙaramar wuta kafin ki zuba madara. Zai tafi.

Duk shekara sai an yi ta yaɗawa a WhatsApp cewa wai abin da ke cikin gwangwanin ba kabewa ba ce. Gaskiyar ita ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a kira wasu 'yan'uwan kabewa masu jan nama da zaƙi da sunan kabewa, kuma ita Dickinson dangi ɗaya suke da batanot, doguwar nan mai wuya kamar gora. A wajen Bahaushiya duk kabewa ce. Ba algus a nan.

In kin rantse sai ɗanya, to batanot ɗin za ki saya, ki raba biyu ki gasa, ki niƙa, ki tsane a rariya. Tana da daɗi, amma rabin yini ne. Ƙananan kabewar fai masu zagaye kuwa caca ce, wata zaƙi wata ruwa. Fai ɗin da aka gasa a kanti ban sa shi a lissafi ba.

Inda za a iya yi miki sakiyar da ba ruwa shi ne a kan kantar kanta. Gwangwani iri biyu ne suke zaune kafaɗa da kafaɗa, launi ɗaya, hoton fai ɗaya. Ɗaya an rubuta 100% Pure Pumpkin, zallar kabewa. Ɗayan an rubuta Pie Mix, an riga an zuba masa sukari da kayan ƙamshi. Na taɓa ɗauko na biyun cikin sauri na ƙara masa sukari da kanumfarina a kai. Abin da ya fito ko alewar madi albarka, ga ɗacin kanumfari yana kama harshe. Juya bayan gwangwanin. In jerin abin da ke ciki ya wuce kalma ɗaya, mayar da shi. Wanda ya lotse a baki ko ya kumbura shi ma ki bar shi komai arharsa.

Sai fekan. Ɗan asalin ƙasar nan ne, Jojiya da Niyu Meziko da Tegzas ne manyan masu noma shi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayar mai ne. Man shi ya ba shi gardin da ba na samu a komai, shi ne kuma yake sa shi lalacewa da wuri. Ana girbinsa daga Oktoba zuwa Disamba, wato daidai lokacin da kike nema sabo yana shigowa, tsohon bara kuma ana neman yadda za a rabu da shi. Wannan rangwamen da kike gani a farkon Nuwamba, ki dube shi da kyau. Sabon fekan launinsa haske ne kamar zuma, a cike yake. Tsoho ya yi duhu, ya motse, in kin buɗe leda sai warin tsohon mai, in kin tauna ya bar miki maƙaƙi a maƙogwaro. Gashi ba ya gyara shi, sukari ba ya ɓoye shi. Ki sayi mai ɓari biyu ki daddatsa da kanki, don wanda aka riga aka farfasa iska ta fi shigarsa. Ki guji mai gishiri da wanda aka riga aka shafa wa sukari. Ragowar ki sa a firiza. Kofi ɗaya ya isa fai ɗaya: a cakuɗa da jan sukari da ɗan bota, a barbaɗa saura minti 15 a sauke, in ba haka ba ya ƙone.

Walnot, ɗan'uwan fekan, ya fi arha amma yana da bauri. Yazawa laushi take yi ta ɓace. Gyaɗa kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, tana danne ƙanshin kabewar har sai kin ɗauka kunun gyaɗa kika gasa. Kuma ko wanne kika sa, kada ki ba yaro ya kai makaranta ba ki tambaya ba, don yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa da danginta suna da yawa a nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓawo. Akwai shekarar da na sayi naɗaɗɗen ɓawon fulawa na cikin firij don in huta da murzawa. Baƙi suka ci suka yi santi, har da wata Hajiya 'yar Kumasi da ta ce in ƙunsa mata na gida. Da daddare ina kwashe shara idona ya faɗa kan kwalin, na ga kalma mai harafi huɗu: lard. Man alade. Ban yi barci ba a daren nan, da safe na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya ina ba da haƙuri. Hajiya ta ce, "'Yata, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba," amma kunyar ba ta sake ni ba har yau. Turawan nan sun daɗe suna yin ɓawon fai da man alade saboda yana sa shi rugurguzawa, kuma ba a rubuta shi a gaban kwali, sai a baya cikin ƙananan haruffa. Akwai masu man ganye zalla, amma kamfani yakan sauya haɗi, don haka wanda kika duba bara ki sake dubawa bana. Ni dai na koma murza nawa: fulawa kofi ɗaya da kwata, bota mai sanyi gram 113 wato sanda ɗaya, gishiri kaɗan, ruwan ƙanƙara cokali uku zuwa huɗu. Minti goma ne.

Haka ma banila. Dokar ƙasar nan ta ce duk ruwan banilar da za a kira na ainihi sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na barasa. Malamai sun yi saɓani a kan ɗigon da ke shiga gashi, kowa da wanda yake bi. Ni na ga fai ɗin ba ya bukatarta, na huta. In maƙwabciya ta kawo miki nata mai fekan, ki tambaya cikin ladabi, don wasu da giyar burbon suke haɗawa.

Kayan ƙamshi kuma kada ki sayi haɗaɗɗen garin da aka rubuta wa sunan fai. Kirfa ce ta fi yawa a ciki, sauran sunansu kawai aka ji. Garin kirfa ma yanzu tsoronsa nake. A ƙarshen 2023 an janye wasu ledojin niƙaƙƙen tuffa na yara saboda kirfar da ke ciki tana ɗauke da dalma, a 2024 kuma hukumar ta yi ta fitar da gargaɗi a kan garin kirfa na wasu ƙananan kamfanoni, galibi irin na shagunan arha. Wanda ya ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an ja masa kunne sau biyu ba. Ki sayi sanda ki niƙa. Ta Siri Lanka siririya ce, naɗe falle-falle kamar takarda, tana murƙushewa a hannu, ƙanshinta sanyi-sanyi. Mai kaurin nan ɓawo ɗaya, ta Indunusiya ko Sin ko Biyetnam, ta fi yaji kuma ita ce ɗanɗanon da yara suka saba da shi a makaranta, sai dai tana iya karya miki bilenda. Fara daka ta a turmi. In an ce miki ta Siri Lanka ce kika ga ɓawo ɗaya mai tauri, kuɗin kawai aka ƙara miki. Kanumfari ki danna shi da farce, in bai yi maiƙo ba an riga an tatse shi. Gyaɗar ƙamshi ki sayi ƙwaya ki goga kaɗan.

Citta ce kaɗai ba na saya a kantin Turawa. Busasshiyar cittar Kudancin Kaduna, ta wajen Kaciya, ta fi garin da ke cikin kwalabensu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ana samun ta a shagunan 'yan Afirka na Bronx in ba mai zuwa daga gida. Da ita kwatan cokali ya isa inda takarda ta ce rabi.

Gwangwanin kuwa ki saya tun farkon Nuwamba. A 2009 ruwan sama ya hana girbi a Morton har ya yi wuyar samu, kuma ko a shekarar lafiya ƙananan shaguna sukan daina kawo shi da zarar an shiga Janairu. Nakan ɗauki shida: biyu na Nuwamba, biyu na hutun Disamba, biyu in tura bayan buhun shinkafa inda yara ba sa leƙawa, na ƙaramar Sallah.