Waya, laftof ko tabarau: wanne "AI" ya cancanci kuɗinka?

Kwanakin baya na raka ƙanwata sayen waya. Mai shagon ya zaro kwali uku ya jera mana a kan gilashi, kowanne da tambarin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, a jikinsa, ɗaya ma gaba da baya. Ta ce, "Malam, mene ne bambancinsu?" Ya ɗaga ta tsakiya ya ce, "Hajiya, wannan AI ɗinta ya fi ƙarfi." Na karɓa, na ɗauki hoton ƙofar shagon, na kashe data da Wi-Fi, na ce wa wayar ta goge mai kifin gwangwanin da ya gitta ta baya. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a kan allo, can sai ta ce a duba intanet. Ashe basirar ba ta cikin kwalin. Tana can wata ƙasa, a ɗakunan kwamfutocin kamfani, wayar 'yar aike ce kawai.

Kafin farashi, kafin kamara, tambayar da nake so mai saye ya fara yi ke nan: a ina ake yin tunanin? In a cikin na'urar ne, to ka sayi abin da ya zama naka, yana aiki ko da sabis ko babu, kuma saƙonninka da hotunanka ba sa fita. In a can wajen kamfani ne, ka sayi ƙofa ce kawai, mukullin yana hannunsu, kuma duk shiga sai datarka ta yi kuka. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafin ya daina zama ƙaramin abu.

Yawancin abin da mutane ke kira ƙirƙirarriyar basira, wato ChatGPT da Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp, duk a can waje suke aiki. Ma'ana tsohuwar wayarka, matuƙar tana buɗe manhaja ba ta daskarewa, amsar da za ta kawo maka ita ce wadda waya mai tsada za ta kawo. Wanda buƙatarsa ba ta wuce a gyara masa wasiƙa ko a taƙaita masa darasi ba, ya riƙe ta hannunsa, ya canja mata batir in ya gaji. Shi na sallame shi tun daga nan.

Wanda kuma dole ya sayi sabuwa, ga inda ake ruɗa mutane. A cikin ƙwaƙwalwar wayoyin zamani akwai wani sashe da ake kira NPU, wanda aka ƙera musamman domin irin lissafin da basirar ke buƙata, yana yin sa da sauri ba tare da shan caji sosai ba. Ba sabon abu ba ne. Tun 2017 Huawei ta sa shi a Kirin 970, Apple ma ta sa nata a A11 na iPhone 8 da iPhone X a shekarar. Ana auna ƙarfinsa da TOPS, wato tiriliyan nawa na lissafi yake yi a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan lambar ce kamfanoni ke son bugawa da manyan baƙaƙe. Amma abin da ya fi yanke hukunci shi ne RAM, wato wurin da waya ke ɗora abin da take aiki a kai a lokacin, domin sai an ɗora tsarin basirar gaba ɗayansa a cikinta kafin ya ce uffan, ga kuma sauran manhajojinka suna neman wurin zama.

Masu iPhone 15 sun ga haka da idonsu. An fitar da ita a Satumban 2023, sai a Yunin 2024 Apple ta sanar da basirarta, Apple Intelligence, ta ce daga 15 Pro zuwa sama ne kawai. Wata tara kacal tsakani. Mai 15 ta gama-gari yana da RAM 6GB, mai Pro yana da 8GB, wannan 'yar tazarar ta isa aka bar mutum a tasha da sabuwar wayarsa a hannu. Google ma da farko ta hana wayarta Pixel 8 mai 8GB tsarinta na Gemini Nano, ta ba Pixel 8 Pro mai 12GB, sai da masu wayar suka yi ta ƙorafi sannan ta buɗe musu. Don haka ni a wajena 8GB ita ce ƙasan tukunya, mai hali kuma ya nemi 12GB.

A nan sai a kula da wata dabara. Za ka ga an rubuta 8+8GB ko 4+4GB a jikin kwali, mai shago ya ce maka "sha shida ce". Lambar farko ce kaɗai RAM ta gaskiya. Ta biyun aro ce daga ma'adanar wayar, wadda ba ta kai RAM sauri ko kusa ba. Tana taimakawa kada manhajojin da ka bari a buɗe su riƙa rufewa, amma basira ba ta zama a kanta. Ma'adanar ita ma a duba: Apple Intelligence kaɗai tana neman kusan 7GB, ga bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp da ba a gogewa. Waya mai 64GB a yau wahala ce, 128GB a daddafe, 256GB ita ce kwanciyar hankali.

Sai shekarun sabuntawa, wanda kusan ba wanda ke tambaya a shago. Google ta yi alkawarin shekara bakwai tun daga Pixel 8, Samsung ta bi sahu da Galaxy S24 a Janairun 2024, wasu daga jerin A nata kuma suna samun shida. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, galibi alkawarinsu bai kai haka ba, kuma ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Amma kada a raina su. Batirinsu babba ne, suna cin layi biyu, kuma in allo ya fashe, kafin la'asar an canja maka shi a Farm Centre ta Kano ko duk kasuwar waya da ke kusa da kai. Pixel kuwa in ta lalace, neman kayanta aiki ne. Shekara bakwai a takarda ba ta da amfani in a shekara ta biyu an rasa allon da za a sa mata. Masu sayen iPhone ta hannu kuma su tuna cewa waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka, daga 14 zuwa sama, ba su da wurin sa sim, sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin wayar ba tare da kati ba.

Maganar harshe ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Fassarar kira kai-tsaye da taƙaita saƙo da ake tallatawa a manyan wayoyi, an gina su ne a kan Turanci da wasu manyan harsuna. Apple Intelligence ba ta jin Hausa. Hausar da ake samu a waya yawanci ta Google ce: Google Translate tana da ita tun 2013, a Oktoban 2024 kuma aka ƙara ta cikin harsunan da za ka yi magana allon rubutunta, Gboard, ya rubuta, ko ka yi bincike da murya. Waɗannan kuwa kusan kowace Android tana samunsu. Tecno na da mataimakiyarta Ella, Infinix na da Folax. Kada ka yarda da abin da ke rubuce a kwali, yi mata magana da Hausarka a gaban mai shago, ka ce ta rubuta wa Inna saƙon gaisuwa, ka gani. Gani ya kori ji.

Laftof ba zan daɗe a kansa ba, domin a nan aƙalla akwai ma'auni. A Mayun 2024 Microsoft ta fito da sunan Copilot+ PC, ta ce sai kwamfuta tana da NPU mai TOPS 40, RAM 16GB da ma'adana 256GB za ta ci sunan. A cikin ƙwaƙwalen kwamfuta, Snapdragon X da Ryzen AI 300 na AMD da Core Ultra 200V na Intel sun haye. Core Ultra na farko bai kai ba, duk da cewa shi ma ana manna masa "AI PC". Ribar da ta fi bayyana a waɗannan kwamfutoci ita ce batir, suna iya kai ka yini, wanda a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama ya fi duk wata basira amfani. Sai dai masu Snapdragon ƙirarsu daban ce da ta Intel, tsofaffin manhajoji ta hanyar tafinta suke aiki, wasu firintoci kuma ba sa haɗuwa da su sam. Mai shagon buga takardu ya tafi da firintarsa ya gwada kafin ya biya. Da yawansu kuma RAM ɗin a like take, ba a ƙarawa, abin da ka saya shi za ka rayu da shi. Mai neman ta hannu ya tabbatar tana ɗaukar Windows 11, wato Intel zubi na takwas zuwa sama, tunda Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Yanzu ga waɗanda aka ce za su maye gurbin waya. Labarin Humane AI Pin ya kamata duk mai son sabon yayi ya sani. Wasu tsofaffin ma'aikatan Apple biyu, Imran Chaudhri da Bethany Bongiorno, suka ƙera wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a gaban riga, ba ta da allo, magana kake yi mata, in kana son gani ta haska maka rubutu a tafin hannu. Ta fito a Afrilun 2024 a kan dala 699, da dala 24 duk wata. Tana zafi, tana jinkirin amsa, a rana tsaka ba a ganin hasken, har kamfanin ya gargaɗi mutane su daina amfani da akwatin cajinta saboda haɗarin gobara. A Fabrairun 2025 HP ta saye kadarorin kamfanin a kan dala miliyan 116, a ranar 28 ga watan aka kashe kwamfutocin da na'urar ke dogaro da su. Ko shekara ba ta cika ba ta zama ƙarfen ado. Ba abin da ya lalace a jikinta, kamara lafiya, batir lafiya, kawai wanda ke tunanin ne ya rufe shago. Rabbit R1, 'yar na'urar nan mai launin ruwan lemo ta dala 199, ita ba a kashe ta ba, amma tun farkon fitowarta masu tone-tone suka ɗora manhajarta a kan wayar Android ta yi aiki, aka fara tambayar to me ya sa sai an sayi akwati na biyu.

Tabarau ne kaɗai a wannan sahu ya samu shiga. Ray-Ban Meta ya fito a Oktoban 2023 daga dala 299, kuma sirrinsa shi ne ko basirar ta ƙi aiki, tabarau ne mai kyau, da kamara da lasifika a kunne. Bai ce zai kori waya ba, a jikinta ma yake rataye. Inda na ga amfaninsa na gaske shi ne wajen makafi: an haɗa shi da manhajar Be My Eyes, mai sa-kai yana ganin abin da ke gabanka ta kamarar yana yi maka bayani, hannunka yana kan sandarka. A Satumban 2025 aka fitar da mai ɗan allo a cikin gilashin, dala 799, da abin ɗaurawa a wuyan hannu mai karanta motsin yatsu. Amma ba a kowace ƙasa Meta ta buɗe ayyukan basirarsa ba, cajinsa na 'yan awoyi ne, gyara kuma babu. Akwai wani abu kuma da mu ya shafa fiye da Bature. Ɗan fitilar da ke kunnuwa in ana ɗauka, a rana wa zai lura da shi? Ka shiga gidan mutane, ko wajen kamun amarya, da kamara a kan hancinka, ko ba ka ɗauki komai ba ka jawo wa kanka magana.

Wasu za su ce a jira, ai babba na tafe. Gaskiya ne a Mayun 2025 OpenAI, mai ChatGPT, ta saye kamfanin io na Jony Ive, mutumin da ya jagoranci zanen iPhone, a kan kusan dala biliyan 6.5, domin su ƙera sabuwar na'ura. Allah ya ba su sa'a. Sai dai ko Apple, da duk girmanta, ta tallata sabuwar Siri, mataimakiyarta ta murya, tare da iPhone 16, daga baya a Maris na 2025 ta fito ta ce an ɗage. Biyan kuɗi yau saboda abin da aka ce zai zo a sabuntawa ta gaba cinikin biri a sama ne.

Jiran ma yana da nasa farashin. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar RAM ta duniya, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma sun karkata ga ƙera irin wadda manyan cibiyoyin basira ke wawaso saboda ta fi riba. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, har Micron ta ce za ta daina sayar da Crucial, samfurinta na masu saye ɗaiɗai. Abin dariyar shi ne basirar da ke buƙatar RAM mai yawa a wayarka ita ce ta sa RAM ɗin tsada. Ba zan yi mamaki ba in na ga sabon samfuri ya fito da sabon suna, farashi ya hau, RAM kuma ta tsaya inda take ko ta ragu. In ka samu ta bara mai 12GB a farashi mai kyau, kada ka tsaya jiran ta bana.

Ƙanwar tawa dai ba ta ɗauki ko ɗaya cikin ukun ba. Can ƙasan kanta muka hango wata ta bara, RAM 8GB ta gaskiya, ma'adana 256GB, batir 5,000, ba tambarin komai a kwalin. Ta riƙe makirfon Gboard ta ce, "Inna, mun gama, muna hanya." Ya rubuta daidai, sai dai "gama" da ya mayar "gamma". Ta gyara da yatsa, ta ce, "Yaya, a kawo mini ragin dubu biyar tukuna," ta juya wajen mai shago.