Fitilar but da na sa wa tsohuwar Fijo 504: abin da na gani bayan wata takwas

Motar da nake magana a kanta Fijo 504 ce ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan mota. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Fijo a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a ƙasar da aka ƙirƙiro ta. Tamu ta yi aikin gwamnati, ta kai mu makaranta, ta kai amaren gidanmu ɗakunansu. Yanzu ba na fita da ita sai ƙarshen mako, ko in za ni Zariya gaida dangi.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye ne taya ta yi faci bayan sallar isha'i, mun ɗan wuce Jaji. Na buɗe but ina neman jak da sifana, ciki baƙi ƙirin. Na riƙe waya da haƙora don hannuwana biyu su samu aiki, ina laluben ƙarƙashin buhun shinkafa da tabarma, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu, yara suna cikin mota sun yi tsit. But ɗin 504 yana da zurfi, abin da ya gangara can ƙarshe kusa da bayan kujera sai ka shige da rabin jikinka kafin ka taɓo shi. Tun da motar ta zo hannuna babu fitila a wurin. A daren nan na ƙudurta sai na sa mata.

Abin da na saya ɗan kwali ne da aka rubuta cewa yana shiga kowace mota mai wutar bolt 12. A ciki akwai fitilar LED siririya, tsawonta kamar tafin hannu da rabi, mai cin wat 2, da waya ja da baƙa wadda ba ta wuce mita ɗaya ba, da ɗan makunni mai kunna kansa idan an karkata shi, da wasu shuɗayen robobi biyu masu haƙori na cizon waya, sai gam mai fuska biyu a bayan fitilar. Takardar bayani hoto ɗaya ne kacal. Babu fiyus a kwalin, kuma takardar ba ta ambace shi ba ko sau ɗaya.

Fitilar kanta dai ba ni da abin cewa sai yabo. Haskenta ya cika but ɗin lungu da saƙo, har ana iya karanta lambar da ke jikin sifana. Ba ta zafi, na bar ta a kunne rabin sa'a na taɓa, ɗumi kawai na ji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake tura kaya su matse fitila, domin tsohon ƙwai mai zare na wat 5 ko 10 yana iya narkar da leda idan ta kwanta masa. Wata takwas ke nan, ta sha ramukan hanya da ƙurar hunturu, ko ɗigo ɗaya a cikinta bai mutu ba. Abin da bai kwanta mini ba shi ne launin hasken: fari ne fat mai ratsin shuɗi, irin na shagon waya, alhali fitilar rufin motar da ta dashbod duk rawaya-rawaya suke, masu taushi a ido. Da na sani tun farko da na nemi mai launin ɗumi, wadda ake rubuta 3000K a kwalinta, maimakon wannan mai 6000K. Wanda bai damu da tsohuwar mota ba zai ce wannan ai ba komai ba ne, amma ni duk lokacin da na ɗaga marfin da dare sai na ji hasken ba na gidan ba ne.

Sauran kayan da ke kwalin su ne matsalar, kuma da kaina na ɗanɗana.

Karon farko ni na ɗaura, na bi hoton yadda yake. Tunda wayar gajeriya ce, wurin da ta iya kaiwa shi ne wayar fitilun baya, sai na cije ta da shuɗiyar robar nan. Nan take na gane kuskuren: wayar fitilun baya ba ta da wuta sai an kunna ƙananan fitilu daga gaba. Wato in ka tsaya ka kashe komai ka zagayo, but ɗin yana nan cikin duhunsa. Na ƙaro waya na jawo daga fitilar rufi, wadda ke da wuta kullum ko an cire makulli, na manna fitilar da makunnin a cikin marfin but, na ga tana kamawa in an ɗaga, tana mutuwa in an sauke. Na ɗauka an gama.

Makunnin nan ɗan ƙwallon ƙarfe ne a cikin bututu, in bututun ya karkata sai ƙwallon ya gangara ya haɗa wuta. Tsofaffin motocin Amurka da yawa da irinsa suka zo a but da bonet, sai dai nasu ruwan zaiba ne a ciki, har aka daina sa shi a sababbin motoci a farkon shekarun 2000 saboda gubarsa. Dabarar tana da kyau a marfin da yake shimfiɗe. To marfin but ɗin 504 ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ya karye a tsakiya ya zubo ƙasa ta baya, wannan karyewar ma ita ce alamar da ake gane motar da ita daga nesa. Ga kuma inda nake ajiye ta a gida, ƙasan yana da ɗan gangare. Na yi tafiya ta kwana goma sha biyu, na dawo na murɗa makulli, ko ƙyas ba ta yi ba. Lissafin a fili yake: wat 2 a kan bolt 12 ya kama kusan amfiya 0.17, a yini da kwana kusan amfiya-awa 4 ke nan, a kwana goma sha biyu ya doshi 48, batirin kuwa mai 60 ne kuma ba sabo ba. Fitilar da ake yabo da rashin cin wuta ta zauna cikin rufaffen but tana ci dare da rana har ta tsotse shi. Da na buɗe kuma sai na tarar gam ɗin ya saki saboda zafin rana a kan ƙarfe, fitilar tana reto a jikin wayarta, makunnin ya karkace.

Sai na kai ta wurin dattijon da ke yi wa mahaifina wayarin tun ina ƙarami. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon shuɗiyar robar da na cije wayar fitilun baya da ita, ya ɓalle ta da farce, ya nuna mini inda haƙorin ya yanke rabin zaren tagullar.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Wayar nan ta girme ka a aiki. Robar jikinta ta bushe, ba ta son cizo. Ina fiyus ɗin?"

Na ce ba su sa ba. Bai ƙara magana ba, ya kama hannuna ya ɗora a kan gefen ƙarfen da sabuwar wayata ta bi ta kansa, na ji kaifinsa, na ga har ya fara gurje jar robar. Tankin mai yana nan baya kusa da wurin. A lokacin ne gabana ya faɗi sosai, domin mutuwar batir abu ne na kuɗi kaɗan, amma waya mai wuta kullum da ke goga a ƙarfe kusa da tanki, a motar da nake ɗaukar iyalina, wannan wani abu ne daban. Gaskiya ne layin fitilar rufi yana da nasa fiyus a gaba, amma an auna shi ne da kaurin wayar motar, siririyar wayar kwalin tana iya yin jawur kafin shi ya tsinke.

Yadda ya sake aikin shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, ko da wata irin mota gare shi. Ya fara da cire baƙin kan batir. Ya ɗauko wuta daga akwatin fiyus, daga ƙafar da ke da wuta kullum, da ɗan ƙarfen haɗi mai baki biyu, ba tare da ya yanke ko waya ɗaya ta asali ba. Bai fi taƙi ɗaya daga nan ba ya sa fiyus mai amfiya 3 a cikin gidansa na roba. Ya ce fiyus waya yake karewa, ba fitila ba, don haka wurinsa shi ne bakin inda wutar ta fito, ba can ƙarshe ba. Ya yi amfani da waya mai kaurin milimita 1, kusan mita biyar, ya bi da ita ƙarƙashin kafet ta gefen ƙofofi, ta ƙarƙashin kujerar baya, ta shiga but ta wani rami da ke nan tun daga kamfani. A bakin ramin ya sa zoben roba. Duk inda waya ta haɗu da waya ya narka dalma ya rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, bai yarda da murɗawa a naɗe da salatif ba.

Fitilar kuma ya ɗauke ta daga marfi ya mai da ita ƙarƙashin allon da ke bayan kujerar baya, ya ɗaure da ƙananan sukuru biyu a ramukan da ya tarar. Dalilinsa biyu: wayar da ke hawa marfi tana lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, wata rana za ta karye daga ciki, sannan fitilar da ke marfi bayan mutum take haskawa, inuwarsa ta faɗa kan abin da yake nema.

Makunnin ƙwallo ya jefa a gwangwanin tarkace. Ya aiki yaronsa kasuwar Panteka ya sayo makunni mai tsinke, irin na bakin ƙofar mota wanda ke kunna fitilar rufi. Shi wannan a baƙar waya yake zama: jar waya ta tafi kai tsaye ga fitila, baƙar ta fito daga fitila ta shiga makunnin, jikin makunnin ya taɓa ƙarfen mota. In marfi ya sauko ya danne tsinken sai hanyar ta yanke, ko da motar a kan tudu take ko a kwari. Ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya riƙe shi da wani noti da ke wurin dama, don haka ba a huda jikin motar ko sau ɗaya ba, abin da ya fi faranta mini rai ke nan. Inda ƙarfen zai taɓa jiki ya goge fenti da tsatsa da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya shafa giris kaɗan bayan ya ɗaure. A tsohuwar mota rabin fitilun da ke ƙin kamawa daga nan ciwonsu yake, tsatsa ta shiga tsakani. Ga mai yi da kansa, a tuna LED ba kamar ƙwai mai zare ba ce, yawancinsu in aka juya ja da baƙa ba sa kamawa sam, sai mutum ya ɗauka ta lalace.

Gwajin ƙarshe ni na kawo shawararsa, Baba ya yi murmushi ya ce a yi. Na kunna bidiyo a waya na ajiye ta cikin but, muka rufe, muka jijjiga motar, muka buɗe. A bidiyon ana ganin haske, sai duhu tun kafin marfin ya gama kamawa, duhun bai motsa ba har aka ɗaga. Shi kuma ya sa mitarsa tsakanin batir da baƙin kansa, motar a kashe, but a rufe, allurar ba ta nuna komai fiye da abin da agogon mota ke ja ba.

In aka tambaye ni ko a sayi wannan kwali, zan ce a saya don fitilar kawai, a ɗauka sauran kayan babu su. A tanadi waya mai kauri wadda za ta kai gaba, da fiyus da gidansa, da makunni mai tsinke, da zoben roba, kuɗinsu gaba ɗaya ya ɗan fi na kwalin. Ina jin haushin masu haɗa shi, domin wanda zai sa fitila a but galibi mai tsohuwar mota ne, kuma tsohuwar mota ce ta fi buƙatar abin da suka bari. Aikin ya ɗauke mu daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya.

Tun daga ranar motar ta taɓa yin sati uku a ajiye a kan gangaren nan na gida, na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Na riga na samo fitila mai launin ɗumi mai tsawo ɗaya da wannan, tana cikin aljihun dashbod, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kai wa Baba ya sauya.