Citation XLS ko Hawker 800XP: wanne za a ɗauka shata daga Kano zuwa Jidda?

Alhaji, ranka ya daɗe, na ga tambayarka a zaure. Ka ce ku bakwai ne za ku tafi Umara daga Kano, har da Hajiya mahaifiyarka da ke tafiya a keken guragu, kuma dillali ya kawo maka jirage biyu: Citation XLS da Hawker 800XP. Ya nuna maka XLS ya fi sauƙin kuɗi a kowace awa, shi ya sa ranka ya karkata can. To ni dai shawarata, ka ajiye batun kuɗin awa a gefe tukuna. Abu biyu ne za su raba maka gardama: nisan tafiyar da kayan da za ku ɗauka. Kuma kowane jirgi ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi.

Mu fara da nisa. Daga Kano zuwa Jidda, in an miƙe sak, wajen kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Hawker 800XP yana cin wajen kilomita 4,600 kafin ya nemi mai. XLS kuwa abin da ake rubutawa a takarda wajen 3,500 ne, kuma wannan lissafin da fasinja kaɗan ake yinsa. Da zarar an cika kujeru an loda kaya, dole a rage man da za a zuba, sai zangonsa ya dawo ƙasa da 3,000. Ke nan XLS ba zai kai ku Jidda a tashi ɗaya ba, ko da dillali ya rantse. Matuƙi kuma ba ya lissafin man da zai kai shi kawai, sai ya haɗa da na zuwa wani filin idan sauka ta gagara, da na shawagi in an ce ya jira.

Sai dai miƙewa sak ɗin nan ita ma tana da magana. Hanyar ta ratsa Chadi ne ta bi ta arewacin Sudan, kuma da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 sai aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye. Waɗanda suka je Hajjin shekarar za su tuna yadda kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi saboda wannan. Idan zagayen ya yi tsawo, shi ma Hawker ɗin yana iya ya da zango sau ɗaya don shan mai. Saboda haka kada ka karɓi farashi sai kamfanin ya rubuta maka hanyar da zai bi, da inda zai tsaya, da sau nawa. Kowace tsayawa awa guda ce ko fiye, ga kuɗin sauka, ga na masu hidimar ƙasa, ga izinin ƙasar da aka sauka. Nan ne arahar XLS take zagwanyewa. Kuma ka tuna da Hajiya: sauka da tashi sau biyu ko uku ga dattijuwa ba ƙaramar wahala ba ce.

A cikin jirgi ma Hawker ne a gaba, amma ba da tazara mai yawa ba. Faɗin ɗakinsa mita 1.83, tsawonsa wajen mita 6.5. XLS mita 1.68 a faɗi, wajen 5.6 a tsawo. Tsayin rufi kusan ɗaya ne, 1.75 da 1.73, kuma duka biyun a tsakiyar hanya kawai ake samun wannan tsayin, domin an ɗan zurfafa wurin takawa. Dogon mutum da hula sai ya sunkuya. Yawancin Hawker suna da doguwar kujera ta mutum uku a gefe, wadda Hajiya za ta iya miƙe ƙafa a kai in an daidaita a sama. Ni a wurina wannan kujerar kaɗai ta isa a duba ta da kyau a tafiyar awa biyar. Kowannensu yana da banɗaki mai ƙofa a baya, amma matsattse ne ƙwarai; in Jidda za ku sauka kai tsaye, maza su ɗaura harami tun daga ƙasa, sannan a gaya wa matuƙi tun kafin tashi ya sanar da ku idan an kusa miƙati, don a jirgin shata babu mai yin wannan sanarwar sai an nema.

Yanzu ga inda Hawker ya faɗi warwas: kaya. Ba shi da rumbun kaya na waje. Duk abin da za ku ɗauka ta ƙofar da kuke shiga zai bi, a jera shi a wani ɗan loko da ke cikin ɗakin fasinja, wanda bai kai rabin abin da mutane ke zato ba. Mutum bakwai, kowa da babban akwati mai tauri, ba za su shiga ba. XLS yana da rumbu a baya mai ƙofarsa daban, kuma wurin kayansa ya kusa ninka na Hawker. Keken Hajiya in mai naɗewa ne zai shige can salin-alin. A Hawker kuwa keken kaɗai zai cinye wurin akwati biyu. Wannan a tafiya ke nan. A dawowa fa, ga zamzam lita biyar-biyar, ga dabino, ga jallabiyoyi da dardumai na tsaraba? Na san mutanenmu, babu mai dawowa daga Makka da kayan da ya tafi da su. In ka zaɓi Hawker, ka sa a ranka cewa jakunkuna masu laushi za ku riƙe, tsaraba kuma a aiko ta ta jirgin kaya.

Batun titin jirgi ba zai dame ka a wannan tafiyar ba, don filin Malam Aminu Kano da na Jidda duk suna da dogayen tituna. Amma don gaba: XLS yana tashi a titin da bai wuce mita 1,100 ba, Hawker yana son wajen 1,500, kuma zafin rana da tudun wuri kamar Jos suna ƙara tsawon da ake bukata. Don zirga-zirgar gida, Kano zuwa Legas ko Abuja zuwa Fatakwal, ko ma Akara, XLS ne zan ce ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Mai kaɗan yake sha, kuma irin aikin da aka ƙera shi dominsa ke nan.

Akwai kuma shekaru. An fara fitar da 800XP a 1995, daga baya 850XP da 900XP suka gaje shi, kuma tun 2013 aka daina ƙera jiragen Hawker gaba ɗaya. XLS ya fito a 2004, XLS+ a 2008, kuma har yau ana ƙera zuriyarsa. Tsufa ba aibi ba ne ga jirgin da ake kula da shi a kan ƙa'ida, Hawker kuma an san shi da ƙwari. Abin tambaya shi ne, in ya samu matsala a Jidda ana jiran kayan gyara, wa zai kawo muku wani jirgin, kuma a aljihun wa? A sa amsar a cikin yarjejeniya.

Babban kuɗin da dillalai ba sa saurin faɗa shi ne na jira da na tafiya babu kowa. Yawancin jiragen shata a Legas da Abuja suke kwana, don haka zuwan jirgin Kano ya ɗauke ku, kai za ka biya. In za ku yi kwana goma a Saudiyya, ko dai jirgin ya zauna ana caje ka kuɗin ajiya da masaukin matuƙa da mafi ƙarancin awa ta kowace rana, ko ya dawo gida babu kowa ya sake komawa ɗauko ku, ka biya tafiya huɗu maimakon biyu. Ka ce a ba ka jimilla guda a rubuce na kowane tsari, a kan kowane jirgi, sannan ka kwatanta. In a goman ƙarshe na azumi ne, a nemi izinin sauka da wuri, don cunkoso yana yin yawa.

Abin da ya fi damuna a harkar nan shi ne takarda. A Najeriya, mai ɗaukar fasinja don kuɗi sai yana da AOC, wato takardar izinin jigilar haya, daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. Mai jirgin kansa kuwa izinin PNCF ake ba shi, wanda ya hana shi yin haya. Wasu suna yi a ɓoye, da farashi mai sauƙi, kuma a 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasunsu saboda haka. Hatsarin a kanka yake: inshorar jirgin gida ba lallai ta biya fasinjan haya ba, kuma dokokin hutun matuƙa da binciken gyara ba su kai na masu AOC tsauri ba. Ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala, da ya rasu a Janairun 2019 a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff, a irin wannan haramtacciyar shatar yake, matuƙinsa ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi. Ka nemi kwafin AOC, ka nemi lambar rajistar jirgin da za ku shiga, ka tabbatar tana cikin jiragen da takardar ta ƙunsa. Dillalin da ya fara kame-kame a nan, ka rabu da shi.

Tsakanin biyun da aka kawo maka, don Jidda, Hawker zan ɗauka, in dai za ku iya rage kaya. Amma da ni ne, da mutum bakwai da keke da tsaraba, sai na ce dillalin ya ƙaro farashin Challenger 604 ko Legacy 600. Sun fi girma, sun fi tsada a awa, amma Challenger yana cin sama da kilomita 7,000, ƙasan ɗakinsa a baje yake, faɗinsa ya kusa mita biyu da rabi, Legacy kuma yana da kujera wajen 13 da rumbun kaya mai girman gaske. In ka haɗa kuɗin tsayawa shan mai da na aiko kaya daban a kan farashin Hawker, sai ka ga ko tazarar da ta rage ta kai a wahalar da Hajiya a kanta. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada.