Waswasin ciwo: wane magani ya cancanci kuɗinka a Sakkwato?

Kusan kowane gida nan Sakkwato akwai mai irin wanga hali, in ba kai ba to wani naka: leda cike da takardun gwaji, an ɗibi jini an yi na fitsari an yi sikanin an yi hoton ƙirji, likita ya ce Alhaji lafiyarka lau, ya samu barci kwana biyu, rana ta ukku zuciya ta ɗan buga da ƙarfi cikin zafin Afrilu sai ya ce ai dama ya sani, ciwon zuciya ne anka ɓoye mai. Ko Hajiya da ta ji maƙwabciya ta rasu da kansar mama, tun ranar take latsa jikinta safe da yamma har wurin ya yi tsami, tsamin kuma ya zama sabuwar shaida. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wanga waswasi sarai, in ya kai wata 6 yana hana mutum sukuni suna lissafa shi ciwo mai zaman kanshi. Kuma ba raki ba ne, da gaske mai shi ke jin abin a jiki.

Amma fa mai tarin jini, ko rama ba dalili, ko ƙari da ke ta girma, ko ciwon ƙirji mai tsanani, ba da shi nike ba, asibiti zai nufa yanzu. Da wanda anka duba anka sake dubawa ba a ga komi ba nike.

Abin da jama'a sunka fi zuba ma kuɗi shi ne ƙarin gwaji, kuma ni a ganina shi ne ciniki mafi muni. Daga wanga lab zuwa wancan, a yi Widal a ce taifot ne a sha allurai, a sayo na'urar awon hawan jini a aje gefen katifa ana awo kafin sallah da bayan sallah. Kamar susar ƙaiƙayi ne, kana susa kana jin daɗi wurin na ƙara ci, don ƙwaƙwalwa ta riga ta koyi cewa sai an duba ake samun natsuwa, to gobe ma sai ta nemi a duba.

Na biyu zaman nasiha, wato ka je ka zazzage damuwarka wani ya saurara ya ba ka haƙuri. Yana da daɗi, wani lokaci ma kyauta ne, in rasuwa ce ko rigimar gida ta tada abin yana taimakawa. Sai dai in duk zaman zai ƙare da "wallahi ba abin da ke damunka" to gwajin nan ne dai aka sake, da baki.

Inda zan ce ka sa kuɗinka shi ne CBT, maganin gyaran tunani da ɗabi'a. Aaron Beck ne ya faro shi a Amurka shekarun 1960, daga baya Paul Salkovskis da Hilary Warwick a Ingila sunka gyara shi ya dace da masu tsoron ciwo a shekarun 1980. Mai maganin ba zai yi musu da kai ba. Zai ɗauko takarda ya raba ta biyu, gefe guda ya rubuta "ina da ciwon zuciya", ɗayan "ina da tsoron ciwon zuciya", ya ce Malam shekara nawa kana maganin na farko bai yi ba, mu gwada na biyu sati kaɗan mu gani. Sannan a shiga gwaje-gwaje a jikinka. Misali ya ce ka maida hankalinka kacokan kan maƙoshinka kana haɗiyar miyau a jere, kafin minti guda za ka ji kamar wani abu ya tokare, alhali ba abin da ya shiga, hankalin da ka sa ne kawai. Daga nan aikin gida: rage awon jini daga kullum zuwa yadda likita ya ce, daina tambayar Google cikin dare, rubuta mi ka ji, mi ka raya a ranka, mi ka yi. Har uwargida ana jawo ta a koya mata ta bar amsa "duba idona ko ya yi ɗorawa", don ita ma ba da saninta ba tana ciyar da abin.

Kuma an gwada shi. Wani bincike da Peter Tyrer ya jagoranta a Ingila, ya fito a mujallar Lancet a 2014, mutum 444 ne masu zuwa asibitocin zuciya da ciki da huhu da sauransu, rabinsu anka yi musu zama 5 zuwa 10 kacal, sun fi sauran samun sauƙi kuma sauƙin yana nan bayan shekara 2, da anka bi su har shekara 5 ma bai gushe ba. Abin da ya fi burge ni, nas-nas da anka horar sun yi aikin da kyau, ba sai babban farfesa ba.

Cikin CBT ɗin akwai ɓangaren tunkarar abin tsoro, wasu ma shi kaɗai suke yi. Mai gudun gaida marar lafiya a asibiti a sa shi ya je, mai tsoron bugun zuciya a sa shi ya hau bene da sauri ya zauna ya ji tana bugawa, ba taɓa jijiyar hannu ba kiran kowa, har ta lafa da kanta. Wallahi satin farko ba daɗi, nan ne mutane ke guduwa, amma nan ne maganin yake.

Akwai kuma ACT da MBCT, wasu 'yan uwan CBT ne, su ba su damu da gardama da tunanin ba, koya maka suke ka bar shi ya zo ya wuce kana ci gaba da kasuwarka. An gwada ACT a Danmak, MBCT mai zaman sati 8 kuma a Oxford, cikin rukuni ake yin su, duk sun nuna amfani, sai dai shaidarsu ba ta kai ta CBT yawa ba kuma samun mai yin su a nan aiki ne. CBT na intanet ma haka, a Suwidin an gwada na sati 12 ya yi aiki, amma akasari da Turanci ne, ga data, ga wayar nan ita ce dai mai Google a ciki. Zama ta bidiyo da ƙwararre mai jin Hausa ya fi, musamman ga matan da fita ke musu wuya.

Ƙwaya fa? Irin su fluoxetine da paroxetine suna taimakawa, musamman in akwai ciwon damuwa tare, suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin a ji su kuma likita ne zai rubuta. Diazepam na kemis kuwa a kiyaye, yana kwantarwa yau ya kama mutum gobe. Addu'a da azkar ba sa karo da ko ɗaya cikin waɗannan, a riƙe su, amma mai ruƙiyyar da zai ce jifa ne anka yi maka a ciki ya ƙara maka sabon abin tsoro ne a kan na da.

Wurin nema a nan biyu ne manya: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, UDUTH. Na san da an ce Kware gaban mutum ke faɗuwa, kar a ce ya zautu, to wanda abin ya yi ma nauyi ya fara da UDUTH, shiga ce kamar ta kowane marar lafiya. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi amma akwai layi, na kuɗi ba layi amma aljihu zai ji, ka haɗa da kuɗin mota na kowane sati cikin lissafi. Ka ce saikolojis kake son gani, wato ƙwararre mai maganin tunani ta hanyar zama da magana, kuma kafin ka biya ka tambaye shi kai tsaye: Dakta CBT kake yi, zama nawa za mu yi, akwai aikin gida? In ya ce zama sai yadda hali ya yi kuma ba aikin gida, ko ya fara da rubuta maka sabon sikanin bayan ya ga na baya duk lafiya, ka yi mai godiya ka nemi wani.