Wata takwas ina haɗa Premiere da After Effects: maganar firam da fitar da aiki

Sana'ata tace bidiyo, a wani ɗan shago da ke kusa da titin Gidan Zoo a Kano. Biki, walima, tallan shaguna, jefi-jefi da wa'azi. Na daɗe Premiere Pro, manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe, kaɗai nake riƙe da ita, sai bara masu kawo aiki suka taso ni a gaba: wannan yana son sunan amarya ya shigo yana juyi, wancan yana son tambarin shagonsa ya taso yana sheƙi. Dole na koma ɗan koyo a After Effects, manhajar Adobe ta motsa rubutu da hoto. Yau wata takwas ke nan ina kai-kawo tsakanin manhajojin biyu, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne adadin firam, wato hotuna nawa ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ce ta fara ankarar da ni. Talla ce ta daƙiƙa 45, mun ɗauka da kyamara a kan firam 25 kamar kullum. Na buɗe After Effects na haɗa wani ziri a ƙasan allo, sunayen kaya da farashi suna tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Na fitar, na ɗora a Premiere, na tura mata. Bayan la'asar ta kira ni.

"Malam, wannan rubutun naka ai ɗingishi yake. Ko netiwok ɗina ne?"

"A'a Hajiya, bari in duba," na ce, alhali a raina na riga na ɗora wa wayarta laifi.

Laifina ne. Da na buɗe sabon aiki a After Effects ban kalli akwatin firam ba, ashe yana kan 29.97. Premiere kuwa tana kan 25, don haka ta yi abin da ya rage mata: ta dinga zubar da kusan firam ɗaya cikin kowane shida. Idan mutum ne zaune yana magana, da wuya ido ya kama. Amma rubutun da ke tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya ba ya ɓoye komai, sau biyar a kowace daƙiƙa sai ya yi ɗan tsalle. Na danna Ctrl+K na mai da shi 25, na sake fitarwa, ɗingishi ya tafi.

Wannan 29.97 gadon Amurka ne. Wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, talabijin ɗinsu ya taso a kan firam 30, sai a 1953 da za su shigo da mai kala suka ɗan rage gudun don kala da sauti kada su shiga juna. Mu tamu wutar sau 50 take bugawa, tsarin talabijin ɗinmu PAL ne, mai firam 25. Shi ya sa wanda ya ɗauki dina a ɗakin taro a kan 30 ko 60 yakan tarar da fitilu suna ƙifta ido a bidiyon, ko wasu ratsi-ratsi suna hawa allo. Da firam 25 da shata, wato tsawon buɗewar idon kyamara, a kan ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa ana samun lafiya, sai dai in janaretan gidan bikin ya ga damar yin nasa gudun. Yawancin darussan da muke koyo da su a YouTube kuma 'yan can ne suka yi su, mu kwafi saitinsu ido rufe.

Karo na biyu ya fi ba ni haushi, don na ɗauka na gama koyo. Wani abokin aiki ya haɗa min tambari mai juyawa, ya turo shi a jerin hotunan PNG guda 250, wato daƙiƙa goma cif a kan 25. Da na shigo da su sai na ga daƙiƙa takwas da 'yan kai, tambarin ya bar kiɗan da na auna a baya. Jerin hotuna ba ya ɗauke da bayanin gudunsa, After Effects kuma in ba a gaya mata ba 30 take ɗauka. Gyaran yana cikin Interpret Footage, inda ake gaya mata gudun da za ta ɗauka. Wanda ba ya son maimaici ya shiga Preferences, sashen Import, ya mai da lambar 25 sau ɗaya ya huta.

Inda manhajojin suka burge ni ƙwarai shi ne igiyar da ke haɗa su, Dynamic Link. A cikin Premiere za ka zaɓi guntun bidiyo, ka danna Replace With After Effects Composition, sai ta buɗe maka aiki a can da girma da firam daidai da na inda ka fito. Da tun farko ta nan na bi, da Hajiya ba ta kira ni ba. Ga mai aikin biki wannan ba ƙaramar rahama ba ce, domin sunaye ba sa zama wuri ɗaya. An gama aiki sai ƙanin ango ya bugo: a ƙara "Alhaji" gaban sunan baba, a mai da "Malam" ya koma "Dakta". Ka gyara a After Effects, ka dawo Premiere ka tarar ya canza da kansa.

Sai dai igiyar tana son kwamfuta mai ƙarfi. Tawa laftof ce mai ram giga 16, in irin waɗannan guntaye suka haura biyar ko shida sai fanka ta fara kuka, hoto ya dinga tsayawa. Yanzu dabarata ita ce in bar igiyar har sai mai aiki ya ce sunaye sun yi, sannan in fitar da kowane guntu ya zama fayil mai zaman kansa. A nan nau'in fayil ɗin da ake kira ProRes 4444 nake zaɓa, in kunna RGB + Alpha, wato alfa, don bayan rubutun ya fito fayau, a riƙa ganin bidiyo ta ƙarƙashinsa. Tun ƙarshen 2018 masu Windows ma suna iya fitar da ProRes daga manhajojin Adobe. Nauyi ne da shi, minti ɗaya na bidiyo mai girman 1920 a 1080 yakan kai giga biyu, amma rubutun suna ai daƙiƙa bakwai ne ko goma.

Yaron shagona ya taɓa ganin nauyin ya yi yawa, ya fitar da H.264, nau'in da ke matse bidiyo ya yi ƙanƙanta, don ya taimaka min. "Oga, ka ga wannan mega shida ne kawai." Muka ɗora, sai ga sunan amarya zaune cikin baƙin akwati ya rufe fuskar uwar biki. H.264 ba ya ɗaukar alfa. Ko ba alfa ma, ban yarda a matse bidiyo da shi a tsakiyar aiki a sake matsewa a ƙarshe ba, launi mai sirkawa kan fashe ya koma matakala.

Bidiyon waya shi ne har yanzu ban gama da shi ba. Dangi kan turo na kamu ko na kai amarya su ce a saka, galibinsa a kan 30, kuma gudun ba ya tsayawa wuri ɗaya, in haske ya ragu waya takan rage firam da kanta. A dogon bidiyo sai baki ya rabu da murya. Nakan bi da shi ta manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, in daidaita gudun kafin ya shiga aiki. In na ga rabin aikin ko fiye na waya ne, gaba ɗaya nake mai da shi 30, har da rubutun. Masu iPhone kuma akwai Show PAL Formats a saitin kyamara, yana buɗe musu 25.

Fitarwar ƙarshe ba ta da wani surkulle. H.264, firam yadda aikin yake ba tare da na taɓa ba, sauti kuma nau'in AAC a kan 48 kHz. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa, wato yawan bayanin da bidiyo ke ɗauka, ga 1080 mai firam 25 ko 30, ni nakan sa 12 saboda leshi da duwatsun kayan amare suna cin bayani. A WhatsApp kuma a matsayin dokumen nake turawa, in ba haka ba ya sake matse shi.

Kuɗi fa? Tun 2013 Adobe ta koma biyan wata-wata, kuma ga mai karɓar naira abin yana taɓa aljihu. Na gwada wata manhajar tace bidiyo, DaVinci Resolve, wadda ke da ta kyauta, da Fusion mai irin aikin After Effects a cikinta, ba sai ka fita wata manhaja ba. Ita Resolve da zarar ka zuba bidiyo a layin aiki ta kulle adadin firam ɗinsa, abin da wasu ke ƙorafi a kai, ni kuwa ya yi min, don tana tilasta maka yanke shawara tun da safe. Wanda zai fara yau, kuma abin da yake buƙata bai wuce suna da lambar waya a ƙasan allo ba, ita zan nuna masa. Ni dai hannuna ya riga ya saba da After Effects, ga tarin samfuran da na haɗa ba zan iya zubarwa ba, don haka ina nan. Na dai manna 'yar takarda a gefen allo da rubutun alƙalamin maka, 1920, 1080, 25, wato girman hoto da adadin firam, kuma yaron nan ba ya buɗe sabon aiki sai ya karanto min ita da ƙarfi.