Zafin gaba da dubura in an zauna: wane magani ne ya cancanci kuɗinki?

Dan Allah 'yan uwa mata kafin ku kwashi kuɗin adashi ku kai wa masu maganin basir da sanyi ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ku tsaya ku ji. Ni bayan haihuwata ta huɗu na fara jin zafi kamar an barbaɗa barkono daga gaba har bakin dubura, in na zauna kan kujerar tsuguno wajen girki ko na hau acaba sai abin ya taso, in na miƙe ko na kwanta ya lafa, kuma baya tada ni daga barci. Na sha jiƙo na sha ƙwayoyin sanyi, ba abin da ya canza.

Ashe jijiya ce, likitoci na ce mata pudendal. Daga ƙasan ƙashin baya take fitowa ta bi wani siririn lungu a ƙasan ƙugu, ita ke kai ji gaba da dubura da tsakaninsu. In naman wajen ya ɗaure ya ƙi saki, saboda doguwar naƙuda ko yawan nishi a bayi ko zama kan babur a hanya mai gargada, sai ya matse ta, zafin kuma ya sa naman ya ƙara ɗaurewa. Maza ma tana kama su, musamman 'yan acaba.

To kinga maganin matsi na kayan mata kenan ki ajiye shi gefe, wajen da ya riga ya matse kuma a ƙara matse shi? Haka atisayen Kegel, na matse naman gaba ana saki, da ake yaɗawa a Facebook, na masu sakin nama ne, ke zai iya ƙara miki ciwo.

Matashin zama shi na fi samun amfaninsa. Akwai mai zobe da ake sayarwa a kemis a birni, yana da tsada kuma wasu bakin zoben yana danna musu daidai inda ke ciwon. Ni wajen mai katifa na aika aka yanko min soso mai tauri, aka fafe tsakiyarsa zuwa gaba, nauyi ya koma kan ƙashin ɗuwawu, tela ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Kar ki yarda da soso mai laushi, kwana kaɗan zai lotsa. Ki haɗa da zama a bahon ruwan ɗumi kamar minti 15, ɗumi nace, ba mai ƙuna irin na wankan jego ba, sannan ki dage da zogale da shan ruwa dan bayan gida ya yi laushi.

Ƙwayoyi kuwa, diclofenac bai cika taɓa zafin jijiya ba sai dai ya ci miki ciki. Waɗanda ake bayarwa irin su amitriptyline da gabapentin likita ne zai rubuta, suna sa barci da jiri, ki faɗa masa in kina da ciki ko shayarwa. Tramadol dai dan girman Allah kar ki fara.

In kuɗin ya kai, na mota zuwa sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa jiki, na asibitin Malam Aminu Kano ya fi komai, ki tambayi mai duba matsalar ƙasan ƙugu, ki nemi mace in kina jin nauyi, za a koya miki numfashi ta ciki da yadda ake sakin naman. Zuwa ɗaya baya isa, ki faɗa wa maigida tun farko ya san da lissafin.

Amma in akwai jini, ruwa mai wari, zazzaɓi, ko fitsari na zuba ba ki sani ba ko wajen ya mutu ba kya jin komai, wannan kar ki tsaya neman soso, asibiti a ranar.