Babbar Rauta Ɗaya Ko Ƙanana Uku?

Idan mutane suka yi yawa a kan Wi-Fi ɗaya, layi suke bi, don na'urorin da ke tasha guda bi da bi suke magana. Babbar rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, idan mai Wi-Fi 6 ce (ƙarni na shida na Wi-Fi), tana rage layin: fasahar OFDMA tana tsaga tashar gida-gida, ta sallami wayoyi da dama lokaci ɗaya. Amma ina ruwan bango da wannan? Wayar da ke can ƙuryar ɗaki siginarta ta yi rauni, sai ta daɗe a layi tana jan kowa baya.

Ƙananan rauta uku kuwa raba jama'ar suke yi, kowacce da tasharta: 1, 6 ko 11 a zangon 2.4 GHz. Ni su na fi so, muddin da kebul aka haɗa su. Idan ta iska suke miƙa wa juna, gudun yakan ragu sosai.